Ranar da saƙon farfesa ya bi layi a Samaru

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar abokina Godwin, kuma har yau in na tuna yadda aka raba shi da aikinsa sai raina ya ɓaci. Jikokina suna ganin ya kamata a ce tsufa ya sanyaya mini zuciya. A kan wannan magana dai bai sanyaya ba.

Godwin haifaffen Sabon Gari ne. Iyayensa daga kudu suka zo, ubansa kafinta, amma Hausar bakinsa Zazzaganci ce tsantsa, har yakan gyara mini tawa, ni da aka yanke wa cibiya a Bomo. A tsakiyar shekarun saba'in muka haɗu a Samaru. Shi ya karanta lissafi yana aiki a ɗakin kwamfuta na jami'a, ni kuma ina digiri na biyu a kan wata cuta da ke cinye gyaɗa.

Yaran yanzu ba za su gane kwamfutar wancan zamani ba. Guda ce tal, ta cika ɗaki, kowa ita yake jira. Sai ka huda aikinka a jikin katuna, ka miƙa ta taga, ka koma ka yi ta addu'a. A cikinta manhajoji uku ne suke aiki: ɗaya ta karanta katuna, ɗaya ta yi lissafi, ɗaya ta buga sakamako a takarda. Ba sa ganin juna, da saƙo suke magana. Duk aikin da ya shigo, sai a ƙirƙira masa ɗan saƙo mai ɗauke da sunan mai aikin da girman aikin da inda aka ajiye bayanansa, a sa shi a layi. In mai lissafi ta gama abin da ke gabanta sai ta ɗauki saƙon da ke gaba. Godwin ne ya rubuta sashen da ke ƙirƙirar saƙonnin nan, ya jera su, ya miƙa su, ya share su in sun gama amfani don kada su cika wuri. Yana son aikin nan yadda manomi ke son gonar da ya share da hannunsa.

Da farko layin na gaskiya ne, wanda ya riga zuwa shi ake fara yi wa. Sai umarni ya sauko daga sama cewa a ƙara wa kowane saƙo matsayi. Farfesoshi a gaba, malamai a bayansu, ɗalibai can ƙarshe. Godwin ya yi yadda aka ce. A lokacin da aiki ba shi da yawa babu wanda ya ji a jikinsa. Amma da kaka ta yi, manya suka dawo daga gonakin gwaji da lodin alƙaluma, sai ya zama kafin a gama aikin wani babba na wani babban ya shigo. Saƙon ɗalibi yana nan a layi, lafiyarsa ƙalau, sai dai kullum ana tsallake shi.

Nawa yana cikinsu. Malamin da ke duba aikina zai bar ƙasar da ƙarewar zango, kuma ya faɗa mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa in babu sakamakon lissafi ba zai sa hannu ba. In bai sa ba, digirin ya tafi, don gwamnatin jihata da ke biyan kuɗin karatuna ba za ta ƙara mini shekara ba. Kullum sai in tako keke daga Bomo in leƙa tagar nan, a ce mini da saura.

Ranar da haƙurina ya ƙare, na sami Godwin yana cin ƙosai a bayan ofis, na zazzage masa abin da ke cikina, har na ce sun ɓatar mini da katuna. Ya bar ni na gama, sannan ya ja ni ciki ya bugo mini layin a takarda.

"Ga naka nan, Sani. Bai ɓata ba. A yadda dokar nan take, sai ka yi furfura bai iso gaba ba."

Na ce to yanzu yaya za a yi.

"Zan iya tura naka da hannu yanzu ma. Amma dubi waɗanda ke bayanka. Su ba su da aboki a ɗakin nan."

Abin da ya yi ba wani tawaye ba ne. Bai cire matsayin kowa ba. Ya ƙara wa kowane saƙo abu ɗaya, wato tsawon jiran da ya yi. Duk lokacin da aka tsallake saƙo sai matsayinsa ya ɗan hau, har wata rana ya kai gaba ko na wane ne. Babba yana nan da fifikonsa, sai dai ƙarami ya daina jiran da ba shi da ƙarshe. Kuma ba a ɓoye ya yi ba. Ya gaya wa shugaban ɗakin, shugaban ya gyaɗa kai yana waya.

Cikin 'yan kwanaki sakamakona ya fito, tare da na wasu da suka riga suka fid da rai. A makon ne kuma aikin wani babban farfesa ya yi jiran yini guda, saboda saƙonnin ɗalibai da suka daɗe sun sha gabansa. Yini guda, jama'a. Mutumin nan ya zo taga da kansa, abin da bai taɓa yi ba, yana tambaya wane mara kunya ne ya sa yara a gabansa.

Aka kafa kwamiti, farfesan da kansa ya shugabance shi. Shugaban ɗakin ya ce shi bai tuna an yi wannan magana da shi ba. Aka ce wa Godwin ya mayar da tsarin yadda yake, ya kuma ba da haƙuri a rubuce. Ya ce tsarin nasu ne, zai mayar in sun ce a mayar, amma haƙuri bai san laifin da zai ba da shi a kai ba. Sai aka mayar da shi sito yana raba takarda da tawada. Bai daɗe ba ya ajiye aikin, ya koma koyar da lissafi a wata sakandare a Jushi, kuma bai sake taɓa kwamfuta ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. In na tayar da zancen sai ya ce in bari, shayinmu yana hucewa.

Na sha tambayar kaina me zai ce da zai ga yau. Yanzu na'ura ce ke ba da lamba a asibiti, ita ke karɓar takardun neman shiga makaranta, ita ke jera masu neman aiki. Kwanan baya na raka matar Godwin, Mama Ngozi, ganin likita. Lambarta tana hannunta tun safe, allo yana ta kiran waɗanda suka zo bayanta da manyan motoci. Da na yi magana, saurayin da ke kan tebur ya ce, "Baba, ba mu ba ne, kwamfuta ce." Na ce masa kwamfuta ba ta da suruki kuma ba ta da uban gida. Wani ne ya zauna ya rubuta mata wanda za ta tsallake, kuma wani ne ya ba shi umarni. Da Godwin ne, ba zai yi faɗa kamar ni ba. Tambaya zai yi ko akwai inda aka rubuta cewa wanda ya daɗe yana jira zai taɓa isowa gaba.

Jami'ar ba ta san da shi ba yanzu. Babu ɗaki da sunansa, kuma na'urar da ya yi wa hidima tuni 'yan gwangwan suka yi gaba da ita. Abin da ya rage nasa mutane ne: 'ya'yansa, Allah ya raya su, da yaran Jushi da ya sa suka daina tsoron lissafi, da mu 'yan tsirarun da muka samu wucewa kafin a mayar da tsohuwar doka. Waɗanda suka miƙa katunansu bayan haka, wasunsu ba su gama ba, kuma na san su da sunayensu.

Da digirin nan na ci abinci, na aurar da 'ya'yana, na yi ritaya da mutuncina. Yana rataye a ɗakina, amma ba na son tsayawa in kalle shi. Farfesan da ya kori Godwin daga ɗakin kwamfuta, daga baya shi ya zama shugaban tsangayarmu, kuma sa hannunsa ne a ƙasan takardar.