Ranar da Aka Sace Mini Baffa

Duk faɗin Jigawa, daga Dutse har inda kwalta ta ƙare, babu mai iya sace mini ko wasali ɗaya a waya ban sani ba. Haka nake faɗa wa abokan aikina a ofis ina buga tebur. Nakan ce musu rubutuna kamar shanun gidanmu ne, kowanne da tsagarsa a kunne, ko Legas aka kai shi zan gane abina. Su kuwa sai su ce, "Gaskiya ne, Malam," don in yi shiru su samu su yi aikinsu.

To, an sace mini rubutun da na fi so duk duniya. Ya yi mako biyu yana yawo a wayoyin jama'a da sunan wani, ni ina nan ina buga tebur.

Rubutu ne a kan Baffa, wato mahaifina. A shafina na sada zumunta an san ni da shirme, labarin direbobin tasha da na masu shayi. Amma da Baffa ya cika shekara da rasuwa sai na ajiye wasa na zauna masa. Na rubuta yadda yake gane saniya ba ta da lafiya daga yanayin tuƙarta kawai. Na rubuta yadda yake zuwa mini Dutse daga ƙauyenmu na ƙasar Miga da jarkar kindirmo, ya ƙi zama a kujerar falo, wai haɗiye mutum take yi. Na rubuta yadda bai taɓa yabon ɗansa a gabansa ba, sai dai ya je jikin danga ya faɗa wa maƙwabci da ƙarfi yadda ɗan zai ji. Sai can ƙarshe, bayan mai karatu ya saba da shi, na kawo ranar da muka dawo daga maƙabarta muka tarar da sandarsa jingine a bakin zaure. Hawayen da na zubar a kan rubutun nan, da a gona na zubar da su da an yi noman rani.

Wanda ya fasa mini ƙwan, taubashina ne, ɗan goggona, mai sayar da hatsi a kasuwannin ƙauye. Tun muna yara kowa a cikinmu bawa yake kiran ɗan'uwansa. Bai kira ni a gefe ba, ina! A guruf ɗin 'yan garinmu ya saka hoton abin, inda yayyena da ƙannena da surukaina duk suke.

Ya rubuta, "Bawana, ashe kai ma kwafa kake yi? Ga mai rubutun nan an samu a Kafin Hausa. Har uban wani ka aro ka yi mana kuka a kansa?"

Na buɗe na duba. Rubutuna ne tsaf. Wani magidanci ne mai shagon kayan waya, mabiyansa sun ninka nawa ninkin ba ninkin. Ya sa hotonsa tare da wani dattijo mai farar hula, ya rubuta "Mahaifina" a sama, ya mayar da Baffa ya koma Baba a layukan farko, ya sa sunansa a ƙasa. Shi ke nan aikin da ya yi. Ko shanun bai kora ba.

Na san taubashina tsokana yake, amma ba kowa ya ɗauka tsokana ba. Da yamma babbar yayata ta kira ni, muryarta a sanyaye, ta ce, "Ka faɗa mini tsakaninka da Allah, kai ka rubuta abin nan na Baffa? Don ni sai da na sa aka karanta mini shi sau uku." Nan wasa ya fita daga raina. Abu guda ɗaya tak na taɓa yi wa Baffa da hannuna wanda ba aike ba, shi ne 'yar cikinsa take tambaya ko nawa ne.

Na fara da lalama. Na tura wa mutumin saƙo da sallama da gaisuwar iyali, na ce wataƙila kuskure aka samu. Shiru. Na ɗauki hoton shafina da ranar da na saka rubutun, na ajiye masa a ƙarƙashin nasa, kowa ya gani nawa ya riga nasa da kwanaki. Ya goge, ya toshe ni. Na kai ƙara wurin masu shafin, na cike tambayoyinsu har yatsana ya kusa raguwa. Amsa ta zo da Turanci mai sanyi, wai sun duba ba su ga laifi ba. Na yi rantsuwa a ofis cewa sai na ɗauko lauyoyi cikin tirela. Abokan aiki suka ce, "Gaskiya ne, Malam."

Ana cikin haka, ranar kasuwar Kafin Hausa, taubashina ya kira ni yana dariya har numfashinsa na sarƙewa.

"Bawana, kana zaune? Zauna. Rubutunka ya kashe mutum a Kafin Hausa."

"Kai wane irin mutum ne? Wa ya mutu?"

"Ai matsalar ke nan, bai mutu ba!"

Abin da ya faru shi ne, rubutun ya yi ta tafiya har ya isa hannun dangin dattijon nan mai farar hula, waɗanda ke zaune a Garki. Aka karanta musu, aka zo wurin dawowa daga maƙabarta da sanda a bakin zaure, ga kuma hotonsa a sama. Ka san mutanenmu, ba a jin rasuwa a tsaya tambaya, kunya ce ma a ce sai da aka aiko maka. Suka yi salati, suka yi ɓacin rai cewa an binne ɗan'uwansu ba a sanar da su ba, suka cika ƙaramar bas maza da mata, har da ƙwaryar gumba ta sadaka. Suka sauka a ƙofar gida suna share hawaye. Mamacin yana zaune gindin dalbejiya yana yankan farce.

Taubashina ya ce wata tsohuwa da ta gan shi sai da ta koma cikin motar ta ja ƙofa.

Dattijon ya sa aka karanta masa abin tun daga farko. Ya ce shi bai taɓa mallakar ko akuya ba, tela ne tun yana saurayi. Ya tsare ɗansa a gaban baƙi sai da ya faɗi inda ya samo, sannan ya ce a nemo masa mai rubutun. Taubashina na cikin masu kallo, ya ɗaga hannu ya ce bawansa ne, zai kawo shi.

Na je ranar Asabar. Na sa babbar rigata mai aiki wadda sai da na biya kujera biyu a mota saboda ita. Dattijon ya tashi ya tarbe ni, ya zaunar da ni kan tabarmarsa, ɗan nasa yana tsugune gefe, ƙato da shi har da gemu, ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Wannan da kake gani ya binne ni da rai don a danna masa hannu a waya. Amma mahaifinka mutum ne. Ban san shi ba, sai da aka karanta mini na ji kamar mun yi zaman zaure ɗaya." Ya ɗaga hannu ya yi wa Baffa addu'a doguwa, duk muka shafa.

Sannan ya juya ga ɗan. "Ciro wayar. A nan za ka rubuta, a gabansa. Ka ce ba naka ba ne, ka faɗi mai shi, ka faɗi garinsu. Ka kuma ce ina nan da raina, kafin mutanen Kano su ma su taso."

Ya rubuta, ni ina gyara masa inda ya kamata. Na sa taubashina ya tura a guruf ɗin garinmu da yatsansa, ya kuma kira yayata a gabana ya janye maganarsa. Na ji ta tana cewa, "Ni dama na san ɗan gidanmu ne." Wallahi a lokacin nan da an auna ni da na fi buhun gero uku nauyi. Rubutu nawa ne a ƙasar nan ya taɓa cika mota da mutane?

Aka kawo fura, rai ya yi sanyi. Na ga ya kamata in nuna girma in ja mutumin a jiki. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ɗan'uwa, ya wuce, na yafe. Ai ido gare ka, ba kowane rubutu ake sata ba. Faɗa mini, wane wuri ne ya fi taɓa maka zuciya? Wurin kujerar falo, ko wurin danga?"

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi mahaifinsa, ya sosa ƙeya.

"Yallaɓai, ka yi mini rai, layi huɗu na karanta. Ya yi tsawo da yawa. Da na kai ƙarshe ai da ban kashe Baba ba."