Fayilolin da Ajimi Ya Kulle

Ajimi Kyari ke kula da kwamfutocin wani ofishi a GRA, kuma duk abin da ya lalace, aljanu yake ɗora wa. Ran Talata yunwa ta sa shi gaggawa, ya kunna aikin tace bayanai da asusunsa na mai cikakken iko maimakon na ma'aikata. Fayilolin suka fito a kulle, ba mai buɗewa sai shi. Margaret, akawun da ke haɗa rahoto da fayilolin, ita ta sha faɗan Oga a gaban kowa. Ajimi ya gyara izinin cikin minti biyu, Oga ya ce, "Kin ga masu aiki!" Margaret ta ce, "Ka cece ni, ɗan'uwa." Tun ranar, in ta gaishe shi, takalminsa yake kallo don kunya.