Kyamarar Uwar Yara

A dandalin intanet Malam Haƙuri ake ce masa. A gida kuwa matarsa ta sa masa Sai-Anjima, kuma ni dai na fi yarda da sunan gida.

Aikinsa na rana gyaran injina ne a wata maɗaba'a. Da ya tashi, sai ya shige ƙaramin ɗakin da ya cika da matattun kwamfutoci, ya kama aikin da ya fi so. Yana cikin masu rubuta wata babbar manhajar kwamfuta, irin wadda ake bayarwa kyauta, kowa ya buɗe cikinta ya gyara. Duk wanda ta ba wa matsala sai ya kai kuka dandali, su Malam Haƙuri su amsa. Ko mutum ya shigo da zagi, shi da "sannu da ƙoƙari" yake tarbarsa, ya bi shi daki-daki har abin ya gyaru.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, ta koma karatu bayan yara sun tasa. Shi ya lallaɓa ta ya goge manhajar da ke kwamfutarta ya zuba tasu, yana rantsuwa za ta gode masa. Komai ya yi daidai ban da kyamara. Ga shi jarrabawarta ta ƙarshe ta baki ce, ta kwamfuta, kuma sai malamai sun ga fuskar ɗalibi. In babu kyamara, shekarar ta tafi.

"Baban yara, kyamarar nan fa?"

"Ƙaramin abu ne. Sai anjima."

Haka aka yi ta yi har jarrabawa ta zama jibi.

Ran Asabar da hantsi yana ɗakinsa sai ga sabon ƙorafi daga wata mai kiran kanta Baiwar Allah. Ta ce manhajar nan ba ta da amfani, ko kyamara ta kasa kunnawa, ita za ta koma wa ta da. Nan jijiyar wuyansa ta miƙe, don ya fi son a zage shi da a zagi manhajar. Ya rubuta mata sannu da ƙoƙari, ya tambaye ta irin kwamfutar, ya tambaye ta wa ya sa mata.

"Wani ne," ta amsa. "Kullum ce min yake sai anjima."

Malam Haƙuri ya girgiza kai, ya rubuta cewa irin waɗannan mutane su ke ɓata musu suna, su sa wa mutum manhaja su yi ɓatan dabo. Abokan aikinsa suka yi ta danna masa alamar yabo. Har murya ya ɗaga ta cikin ƙofa: "Uwar yara, ki ji wani marar kirki da abin da ya yi wa wata!"

"Allah ya shirye shi," ta amsa daga falo.

Ya koya wa Baiwar Allah yadda za ta buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ya ba ta abin da za ta rubuta, ya ce ta kwafo duk abin da ya fito. To, shi wannan allo a farkon kowane layi yakan nuna sunan da aka raɗa wa kwamfutar ranar da aka sa mata manhaja. Ta kwafo ta liƙa a gaban jama'a. Kowane layi ya fara da "zumar-raina".

Shi ya rubuta sunan da hannunsa ranar da ya sa wa matarsa manhajar, tana gefensa tana dariya.

Ya daɗe yana kallon allo. Sannan ya tashi ya fita falo sumui-sumui. Tana zaune da kwamfuta a cinya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baƙuwa ta samu amsa tun shayinta bai huce ba," ta ce. "Ni da ke gidanka sai da na ɓad da kama."

Ya durƙusa gefen kujera, ya taɓa nan ya taɓa can, sai ga fuskokinsu biyu sun bayyana a allo, tata tana danne dariya, tasa kamar an kama shi da hannu a tukunya.

Al'adar dandalin ce mai ƙorafi ya dawo ya rubuta "an warware". Ta ƙi, sai da ta gama jarrabawa lafiya. Sannan ta rubuta, ta ƙara da cewa Malam Haƙuri da marar kirkin mutum ɗaya ne, kuma ta yafe wa duka biyun.

Har yau abokansa in sun ga ƙorafin kyamara sai su tura masa, su ce ya fara leƙa falo.