Ƙashin da Na Jefa a Rafi

Ni ne na yi kuskure, ba Baba katikis, tsohon da ke koyar da addini a cocinmu, ba. Gara in faɗi wannan tun farko.

Lokacin ni ke share cocinmu, a wani ƙauye kusa da Zonkwa. Ban daɗe da shiga Katolika ba, matata ce ta jawo ni. A gefen bagadi akwai wani ɗan akwati mai ruwan zinariya, wanda Fada na farko, wato limamin cocin, ya zo da shi daga Italiya. An ce aikin tsofaffin maƙeran can ne. A murfinsa an zana tsuntsu yana saran ƙirjinsa, 'ya'yansa sun buɗe baki a ƙasa. Ni dai ungulu na gani.

Wata Asabar ina goge shi, sai bayansa ya buɗe. Guntun ƙashi ne a ciki, ɗaure da jan zare, an liƙe da kaki. Irinsa na gani a jakar tsafin kakana, ranar da mahaifina ya ƙone ta kafin a yi masa baftisma. Kuma Baba katikis kaɗai ke riƙe makullin cocin. Na jefa ƙashin a rafi, na gaya wa matata Baba ya ɓoye laya a coci, ita kuma ta kai zancen wurin zumuntar matan coci. Ran Lahadi mutane suka ƙi karɓar Jikin Kristi, wato gurasa mai tsarki, daga hannun tsohon.

Fada ya kira ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce ƙashin na wani shahidi ne da aka kashe saboda bangaskiya, kakin kuma hatimin bishop ne. Tsuntsun ma ba ungulu ba ne, jininsa yake ciyar da 'ya'yansa da shi, kamar Yesu.

Na ce, "To Fada, na kakana fa? Shi ma ƙashi ne da jan zare."

Ya ce ba ɗaya ba ne, ya yi mini dogon bayani. Na ce to. Har yau ban gane sosai ba. Na koma rafin na laluba yashi, ban samu komai ba.

Abin da na gane shi ne tsohon ya daina zuwa coci. Na same shi a bayan gidansa yana shanya citta. Na durƙusa, bai ɗago ba.

Na ce, "Baba, ba ka ajiye laya ba, ni na laƙa maka. Ran Lahadi zan tashi in faɗa a gaban kowa. Ka yafe mini."