Burtu Mai Farin Ido

Mun tashi da asuba daga Sabon Garin Gusau, ni da mai hoto da jakin da ya fi mu taurin kai. Ku da kuka hana ni sakat da tambaya tun da na dawo, to ga labarin, kowa ya gyara zama. Mai hoton nan mutumin Ikko ne, ya biyo masu aikin dogo ya yada zango a Gusau. Wani Bature na wajen aikin ya sa shi ya ɗauko masa hotunan tsuntsayen daji, kowanne da sunansa na Hausa. Ni kuwa ɗan maharbi ne daga Ruwan Bore, na kuma sha cika baki a kasuwa cewa ko gashin tsuntsu na tsinta sai na faɗi sunan kakansa. Bakin nan nawa shi ya samo mini tafiyar.

Amma akwai kayan da na ɗauko wanda ba a kan jaki yake ba. Wana ya bar gida shekaru da dama, bayan rasuwar Baba. Sun yi sa-in-sa da Baffa a kan iyakar gona, ya ɗauki kwari da baka da burtun farautar Baba ya fice, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Bana Baffa ya ce an gaji da jira, da an gama sussuka za a yi wa wan nawa sadaka irin ta mamaci a raba gonarsa. Ɗan fari ne, ko sunansa Inna ba ta faɗi, balle ta yi kukansa a gaban mutane. Sai dai da na je sallama ta ƙulla mini hoce a tsumma, ta ce in na ga mai tafiya irin ta ubanmu in duba da kyau.

Hanyar Tsafe a cike take da kaka. An yanke dawa an jera dammuna, ayarin jakuna na ta wuce mu da gyaɗa da auduga za su Gusau. Inda ake aikin dogo muka tarar da lebura suna ɗiban ƙasa da kwanduna suna waƙa. Matan Fulani sun gano bakin zaren, furar da ake ba ka ta anini a ƙauye, a nan sai an yi ciniki kamar za a sayi akuya. Mai hoto ya sha ya lashe ludayi, ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo wai wannan abinci ne da ruwa a ƙwarya ɗaya, Allah Ya yi wa wanda ya ƙago shi albarka.

Da duwatsun Tsafe suka bayyana, raina ya yi fari tas. A gindinsu na fara ganin aikin akwatin ɗaukar hoton nan. Ƙafa uku gare shi, mutum ya cusa kai cikin baƙin zane ya leƙa. Da ya bar ni na leƙa sai na ga dutse a sama, sararin sama a ƙasa, na yi baya da sauri ina salati. Shi mutum in za a ɗauke shi hoto ana ce masa ya tsaya cak. To wa zai gaya wa tsuntsu haka? Kafin a kafa ƙafafun akwati, a gyara zane, a zura gilashi, tsuntsu ya gama kiwonsa ya juya mana baya. Mai hoto ya kwanta rigingine a gindin tsamiya, ya hau dutse da rarrafe, ƙaya ta yaga masa wando, duk yana dariya.

Wankin hoto sai a cikin duhu, ɗakunan masaukinmu kuwa duk haske na shiga. Sai mai gidan ya ara mana tsohon rumbu da ba kowa ciki. Da rana tsaka mai hoto ya shige da kwalabensa, muka kifa masa jinka, rabin unguwa na tsaye suna jiran su ga ko zai fito da rai. Ya fito jiƙe da zufa, ya ɗora gilasan a kan takarda ya shanya a rana, hotuna suka fito a gaban idonmu.

Nan fa aka yi ta! Wani hoton ciki ne kawai da ƙafafu biyu, an ɗauko daga ƙasa. Wani wutsiya ce tana ficewa daga gefen takarda. Dattawa suka kewaye tabarma kowa na juya takarda yadda ya ga dama. Mai doguwar wutsiya muka yarda cilakowa ce. Wani ɗan baƙin abu a gadon bayan wani bijimin sa ba wanda ya yi musu, carki ne, don ba mai zama nan sai shi. Wanda ya kifu a bakin dutse, zanen fikafikansa ya nuna hasbiya ce. Da aka zo kan mai ciki da ƙafafu, na gyara murya na ce tuje ne, na rantse. Matar mai gida ta leƙo ta kan katanga ta ce zabuwarta ce, ga ma tsumman da ta ɗaura mata a ƙafa. Har muka bar Tsafe ana kirana Sarkin Tuje. Na tambayi maharban garin labarin wana, ba wanda ya san shi.

Muka ratso ta gefen Gusau muka nufi Bungudu. Can ƙasar gulbi ce, ga rake, ga dankali, ga kifi ana banda a bakin hanya. Fadama kuwa kamar an yi wa tsuntsaye gayya: gauraka bibbiyu da tukkayensu, ɗinya, zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, belbela fari fat a bayan shanu. Ni da kaina na rikice, ina nuna wannan ina nuna wancan.

Washegari da hantsi jakin ya tsinke igiya ya faɗa gonar rake. Na bi shi ina ba mai gona haƙuri, na bar mai hoto shi kaɗai a cikin ciyawa. Da na dawo na same shi yana rawa. Wai ya ga wani babban baƙin tsuntsu yana tafe a hankali yana gyaɗa kai, bai taɓa samun mai natsuwa irinsa ba. Sai dai ƙafar akwati ɗaya ta nutse a laka, da aka wanke hoton sai ya fito a karkace, daga baya-baya, wuya da kai ne kawai a saman ciyawa.

Mutanen zangon da muka sauka suka taru a kansa. Kowa ya ce burtu ne, ga baki nan, amma wani tsoho ya ce wuyan ya cika siriri, kuma shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin burtu mai farin ido ba. Na karɓi takardar na karkata ta. Ku kun san yadda maharba ke yi: a sami kan burtu a ɗora a kan icce, a rufe da fata, mutum ya ɗaura a goshi ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana gyaɗa kai har ya kusanci nama. Na Baba idonsa na hagu ya taɓa faɗuwa, Inna ta ɗinka masa wuri, irin na kuɗin da, a gurbin. Ga wurin nan fari a hoto.

Ban san sanda na bar takalmana ba. Na yi ta nuna wa masunta takarda ina haki, har wani ya ce ai baƙon maharbin nan ne da ke zaune a tungar ƙetaren gulbi. Na tsallaka ruwa iya ƙugu. Na same shi a gindin kanya yana feɗe gada, ya rame, gemu ya fito, burtun na rataye a reshe. Muka rungume juna, na yi kuka ban ji kunya ba. Da na gaya masa zancen sadaka sai ya ce kunya ce ta hana shi komawa, kullum sai ya ce baɗi. Na ce to baɗi ta zo, Inna na nan da ranta.

Muka kamo hanyar gida mu uku, jakin ma ya yi hankali. Mai hoto ya ce Baturensa ya yi asarar tsuntsu ɗaya, wannan takarda tawa ce. A ƙofar gidanmu ƙafar wana ta yi nauyi, ya tsaya a zaure. Na shiga na tarar da Inna tana dama fura, na miƙa mata hoton. Ba ta taɓa ganin hoto ba, ta riƙe shi kai a ƙasa, ta kai shi dab da ido. Ta daɗe tana shafa farin ɗigon nan da yatsa.

"Wanga ba tsuntsu ba na," in ji ta. "Ɗunkina na. Ina ka samo shi?"

"Mai shi yana zaure, Inna."

Ludayi ya suɓuce mata. Ba ta tashi ba, ba ta kira suna ba, ta juya fuska wajen bango tana share ido da bakin zane.

"To me kake tsaye? A kai wa baƙo ruwa."

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne kada mutum ya yi saurin rantsuwa a kan abin da ya gani ta gefe ɗaya, ko zabuwa ce ko mutumin da aka ce ya mutu. Ya juya takarda tukuna, ya kuma kai wa wanda ya san abin tun asali. Geron da Baffa ya ware don sadaka shi aka daka aka yi furar 'yan barka. Ita kuwa furar da Inna ke damawa ranar, ba ta ba ni ko ludayi ɗaya ba, duk ta aika zaure.