Gurguzun Inna Tabawa

Duk wanda ya yi azumi a Danwarai shekarun baya ya san soɓon Tabawa. Shi ne abin da mutanen gabas ke kira zoɓo, sai dai nata ja ne wur har ya so ya yi baƙi. In ya zauna a ƙwarya, to ƙwaryar ta rinu ke nan har ta fashe. Tsaminsa ba ya kama haƙori, daɗinsa kuma sai an haɗiye yake tasowa.

Ba a Danwarai aka haife ta ba. Ɗiyar bakin gulbi ce, daga wajen Jega, inda mahaifinta ke da 'yar gona da ruwa ke shafa kowace damina ya bar mata laka. A gefen gonar nan uwarta ke shuka sure, wato yakuwa, wani tsohon iri da ita ma a hannun tata uwar ta same shi. Karansa ja ne mai duhu, ganyensa siriri, 'ya'yansa gajeru masu kauri. Ba ya cika buhu. Da aka kawo Tabawa aure gidan Ya'ƙub manomin albasa, ta zo da gurguzunsa, ƙwayar irin ke nan, ƙulle a bakin zane.

Ya'ƙub mutum ne mai ba'a. Ya ce mata ya ga amaren da ke zuwa da tasoshi da tabarmi, bai taɓa ganin wadda ta zo da abincin kurciya ba. Duk da haka ya yanka mata kunya huɗu a ƙarshen gonarsa. Shekara arba'in da wani abu kunyoyin nan nata ne, ko shekarar da albasa ta yi daraja bai taɓa su ba.

Tana da yadda take yin abinta. Ba ta tafasa soɓo, cewa take wuta na kashe shi. A tukunyar ƙasa take jiƙa shi da ruwan randa tun hantsi, ta rufe da faifai, sai la'asar ta tace ta sa 'yar citta da kanumfari. Kuma ba ya kwana biyu a ɗakinta. Da ta ga ya fara kumfa a sama, ko ƙamshinsa ya juya, sai ta ɗauka ta kai bayan gida ta tuntsurar, komi yawansa. Maƙwabta kan ce ai da sauransa. Ita kuwa takan ce abin da ya fara canza hali ba ta san inda zai tsaya ba, kuma ba za ta tsaya gaban Allah da shakka a cikinta saboda ruwan tukunya ba.

Daga baya motoci suka fara zuwa kasuwar Jega suna lodin soɓo zuwa kudu. Aka kawo sabon iri mai manyan 'ya'ya, mai cika buhu da wuri. Kowa ya koma kansa. Tabawa ta ɗanɗana sau ɗaya, ta ce ruwa ne aka yi wa jan baki, ta ci gaba da nata. Kowace kaka takan zaɓi itacen da ya fi duhu, ta bar shi ya bushe sosai, ta fasa, ta sheƙe, ta zuba gurguzun a wani tsohon gora ta rataye a ɗaki.

Shekarar da Ya'ƙub ya rasu, bayan ta fita takaba, ciwo ya kwantar da ita. Bakinta ya mutu, ko kunu ba ya wucewa. Mai jinyarta Raihanatu ce, matar ƙaramin ɗanta, yarinya mai hankali da ta tashi cikin garin Jega, ba ta daɗe da tarewa ba. Wata rana Tabawa ta ce, kamar mai magana da kanta, da za ta samu miyar kuka da daddawar batso irin ta da, da ta ci tuwo.

Daddawar batso kuwa da gurguzu ake yin ta. Raihanatu ta tambayi tsofaffin unguwa yadda ake yi, ta duba ɗaki ta ga gora cike da gurguzu mai kyau, tsabtatacce. Ta juye shi duka a tukunya. Ta dafa, ta daka, ta rufe kwanaki har ya yi. Ranar da ta kawo tuwon, Tabawa ta ci kamar ba ita ba, ta sa albarka, sannan ta tambaya wace ce har yanzu ke da gurguzu mai mai haka a garin nan.

"Naki ne, Inna. Na cikin gora."

Tabawa ta daɗe tana kallon kwanon. Raihanatu ta ga fuskarta, ta gane, ta durƙusa tana ba da haƙuri. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta siɗe hannunta ta ce, "Tashi, ɗiyata. Ni niƙ ƙi gaya miki. Kuma daddawar ta yi daɗi, kar ki zubar."

Amma abin ya tsaya mata. Da ta samu ƙafa, ta fara bin gidajen da ta tuna ta taɓa ɗiba wa iri. A Danwarai babu. A Alelu wata ƙawarta ta fito da nata, Tabawa ta murza a tafin hannu ta ce ya gauraye da sabo. A Dangamaji aka ce tun tuni suka bari. Raihanatu ce ke riƙe mata jaka duk inda za ta, ba a sa ta ba.

Damina ta wuce, shekara guda kunyoyin nan huɗu babu shuka. Wajen kaka wata mai sayar da kuka a kasuwar Aliero ta ce ta ga wani sure mai baƙin kara a Maiyama, bayan dangar wani tsohon ladan, Malam Sanusi. Suka tafi. Malam Sanusi ya yi mamakin baƙin da suka biyo hanya saboda ciyawa. Ya ce marigayiyar matarsa ce ke shuka shi, 'yar bakin gulbi ce ita ma, tun da ta rasu yake fitowa da kansa, awaki na cin abin da suka ci. Tushe uku suka rage.

Tabawa ta tsuguna, ta ɓalli ɗa guda, ta tauna. Sai ta nemi a ba ta ƙaya. Ita da Raihanatu suka kewaye tushen nan uku, Malam Sanusi na tsaye yana cewa bai taɓa ganin an yi wa sure gata haka ba, shi da ke gidan ma ba a yi masa shinge ba. Bayan mako uku suka dawo suka fasa. Gurguzun bai cika tafin hannu ba.

Ta shuka shi da ruwan farko mai ƙarfi. Kunya ɗaya ma bai rufe ba. Da ya nuna, ta jiƙa kaɗan a ƙaramar tukunya, la'asar ta tace, ta kurɓa, ta riƙe a baki.

Raihanatu ta kasa haƙuri. "Shi ne, Inna?"

"Shi ne. Ya ɗan yi baƙunta wurin mutane, amma shi ne."

Da aka sheƙe irin, ba ta mayar da shi wuri guda ba. Ta kasa uku. Kaso ɗaya ta aika wa Malam Sanusi, ɗaya ta ƙulle ta ajiye. Na ukun ta kira Raihanatu ta zuba mata a hannu, ta nuna mata yadda ake gane itacen da za a bar wa iri, da ranar da ake fasa shi.

"Wanga naki ne," ta ce. "In kin ga ina marmarin daddawa, ki tai kasuwa."