Hannun Hagun Tokuji

Kafin jirgin ƙasa na farko ya wuce ta bayan gidan horon kokawarmu da ke unguwar Adachi, Tokuji Narumi ya riga ya fara girgiza mana ƙasa. Yakan ɗaga ƙafa ɗaya sama ya dire ta da ƙarfi, ya ɗaga ɗayar, yadda aka koya masa a gidan sumo, kokawar gargajiyar ƙasarmu, tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Mai awarar da ke maƙwabtaka da mu ta daina saita agogo tuntuni. Daga nan ya share dandali, ya ja igiyoyi ya ji ƙarfinsu, ya ɗora tukunyar miyar 'yan kokawa. Kaza kawai yake sawa. Ka kawo masa naman sa, sai ya ce, "Mai ƙafa huɗu ai hannunsa a ƙasa yake. Kai shi gidanku."

Ni alƙalin wasa ne, kuma babu wanda ya kai ni buga ƙasa sau uku, alamar an sha kaye, a gefen kunnen Toku. Shekara talatin aikinsa ke nan: ya shigo da ƙaton jikinsa, ya razana 'yan kallo, ya sha kaye, wani ya tafi da tafi. A watan jiya ya yi ritaya, jaridu suka ba shi layi biyu. Abin ya ɓata mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A sumo, duk wanda wani sashen jikinsa ya riga taɓa ƙasa, ban da tafin ƙafa, ya faɗi. Sai dai akwai sassauci guda: in ka riga ka gama da abokin karawarka, kuna faɗuwa kana samansa, kana iya dafa ƙasa don kada ka danne shi. Hannun kariya ake ce masa, ba a lissafa shi faɗuwa. Toku yana da shekara ashirin da huɗu, nasara ɗaya ta rage masa ya hau matakin da ɗan sumo ke samun albashi da ɗakin kansa da izinin aure. Aka haɗa shi da wani Kanemori, wanda bai kai shi nauyi ba. Toku ya lanƙwasa shi ta baya, suka tafi ƙasa, wuyan Kanemori a karkace. Sai ya kai hannun hagu ya dafa. Alƙalai suka hau suka yi shawara, suka ce Kanemori da sauran ƙarfinsa, hannun Toku ne ya riga sauka. Aka ba Kanemori nasara.

Maigidansa Genzo, mai gidan horon da ya rene shi, ya same shi a ɗakin sauya kaya.

"Wa ya aike ka? Uwarsa ce kai?"

"Wuyansa ne a ƙasa, Maigida."

"To, je ka goya shi."

Shekara ta zagayo gwiwa ta ba shi matsala, bai sake kusantar matakin ba. Da kamfaninmu na kokawar zamani ya neme shi, ya je neman izini, Genzo ya juya masa ƙeya. Kowa ya san yadda ɗan sumo ke barin sana'a: ya zauna a kujera, masoya su zo ɗaya bayan ɗaya su ɗan yanki gashin tukkunsa, maigida ya yi yankan ƙarshe ya sallame shi. Toku kuwa mai askin bakin tasha ne ya cire masa nasa. Wannan ce ƙayar da ya yi ta yawo da ita. Duk sabuwar shekara sai ya kai kwandon tuffar garinsu Aomori ƙofar gidan horon, uwargida ta karɓa, tsohon bai taɓa leƙowa ba.

A wajenmu darasin farko shi ne faɗuwa. Mutumin da aka rena kada ko yatsansa ya taɓa ƙasa, sai ga shi ana koya masa zubewa ta baya. Wata uku jikinsa na gardama. Da ya iya kuwa, ya fi malamansa. Abokan aiki suka sa masa suna Katifa, har ana rububin a haɗa mutum da shi, don duk wanda ya hau dandali da Toku ya san da ƙafarsa zai koma gida.

Sau ɗaya tak aka shirya zai ɗauki kambu, a Sendai. A sana'armu ana sanin mai nasara tun kafin a buga ƙararrawa, wannan ba sirri ba ne. Mai riƙe da kambun, Okubo, ya hau igiyar sama zai diro, ƙafarsa ta zame, ya taho da ka. Ina tsaye taku biyu daga wurin. Toku ya yi wuf ya cusa hannun hagu tsakanin kan mutumin da ƙasa. Na ji ƙarar ƙashi, dole na tsayar da wasa, kambu ya zauna inda yake. A motar asibiti na ce wa Toku, "Kai dai ba ka jin magana." Ya ce, "Hannun ne ya saba, ba ya shawara da ni." Yau Okubo na da shagon taliya da 'ya'ya mata uku, kuma ba ya zama in Toku na tsaye.

Toku, kai ne ka fi kowa faɗuwa a cikinmu, kai ne kuma ba ka taɓa bari wani ya faɗi shi kaɗai ba. Giwa mai duba inda za ta taka. Na san mutane da yawa masu kambu a falo waɗanda ban yarda in ba su ajiyar lema ba.

Ranar ritayarsa zauren bai cika ba. Ya sha kayensa na ƙarshe, na buga ƙasa sau uku. Za a fara kaɗa ƙararrawar bankwana ke nan sai muka ga wani mai furfura yana turo keken guragu ta tsakiyar kujeru. Kanemori ne. Tsohon da ke kan keken kuwa Genzo, da almakashi a cinyarsa. Shekaru Kanemori ya yi yana yi masa naci, sai ranar ya yarda.

Toku ya sauko daga dandali ya durƙusa, goshinsa a ƙasa. Tsohon ya daɗe yana kallon sanƙon da ke gabansa.

"Ina gashin?"

"Shekaru sun riga ka, Maigida."

"Kullum a makare kake. Juyo nan."

Ya lalubo 'yan silin da suka rage a bayan kunne, ya datse. Sannan ya kama hannun hagun nan mai tabon ɗinki, ya riƙe.

"Hannun kariya ne," in ji shi. "Na gani tun ranar. Tashi, na sallame ka."

Ban taɓa ganin Toku yana kuka ba sai ranar, ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba.

Mun gode, Toku, mu da matan da mazajensu suka dawo gida lafiya saboda kai. Ku kuma masu tasowa, kowace sana'a kuke yi, ranar da nasara ta zo muku wuyan wani yana ƙarƙashinku, ku dafa ƙasa. Washegarin ritayarsa, mai awara ta ce da asuba ta ji ƙasa na girgiza kamar kullum.